Sahun Dangin Baba Tanko

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shagon kawuna a unguwar Rusaifa da safe, ban ma gama ɗaga ƙofa ba, sai wayata ta yi ƙara. Anti Maryam ce, 'yar Baba Tanko tilo. Da Larabci muka saba magana da ita, kamar yawancin waɗanda aka haifa a Makka, amma ran nan da Hausa ta faɗa mini. Ta ce, "Usmanu, Baba ya cika. Bayan sallar asuba, yana kan dardumarsa. Bai sha wahala ba." Na zauna a kan buhun shinkafa da wayar a kunnena, har sai da ta tambaye ni ko ina jin ta.

An yi masa salla a Harami bayan la'asar, tare da sauran mamatan wannan rana, aka binne shi a maƙabartar Shara'i. Da muka dawo, matarsa Inna Rakiya ta aike ni wajen mai ba da hayar kujeru. A nan Makka zaman makoki, wanda muke kira aza, ana yin sa ne tsakanin magariba da isha. Ana jera kujeru a ƙofar gida, a ja fitilu, makaranci yana karatun Alƙur'ani. Mazan dangin mamaci suna da nasu sahun daban, suna fuskantar jama'a. Idan makaranci ya tsagaita sai su miƙe, masu gaisuwa su bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ana dafa masa kafaɗa ana yi masa ta'aziyya. Mai kujeru ya tambaye ni abin da yake tambayar kowa: "Sahun dangi kujera nawa?" Baba Tanko ba shi da ɗa namiji, ba wa, ba ƙane, ba ɗan baffa. Surukinsa ya riga shi rasuwa, jikokinsa duk mata ne.

Wannan tambaya ta daɗe tana damun Baba tun yana raye. Ya taɓa ce mini, muna shan shayi, "Ba mutuwa nake tunani ba, Usmanu, wannan kowa yana da ranarsa. Sahun nan nake tunani. Kada a wayi gari a ce gaskiyar masu cewa bawa ba shi da dangi."

Ni ɗalibinsa ne, ba jininsa ba. Maƙwabcinmu ne a unguwar Nakkasa, kuma Hausar da nake rubuta wannan da ita a bakinsa na koye ta, domin a gidanmu Larabci ya riga ya rinjaya. Bana na gama karatun tarihi a jami'a, kuma abin da na fi tsoro shi ne in faɗi abin da ban tabbatar ba a kan mutumin da ba zai iya gyara mini ba yanzu. Saboda haka abin da na ji daga bakinsa zan ce daga bakinsa ne, abin da wani ya ba ni labari zan ambaci mai labarin, inda ban sani ba kuma zan ce ban sani ba.

Ban san shekarunsa ba, shi ma bai sani ba. Takardar shaidarsa ta ce an haife shi ɗaya ga Rajab, amma wannan ita ce ranar da aka rubuta wa duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba. Bai san sunan garinsu ba. Abin da ya riƙe shi ne yana famfarar haƙora lokacin da wani jagoran ayarin mahajjata ya karɓe shi daga hannun iyayensa, da alkawarin zai kai shi ƙasa mai tsarki ya yi karatu. Sun bi ta Chadi da Sudan, suka haye teku, a can bakin ruwa mutumin ya sayar da shi. Kafin a kawo shi Makka aka ɗora masa ƙarfe mai zafi a kumatu biyu, aka ƙone askar da wanzami ya yi masa, don kada wani mahajjaci ya dubi fuskarsa ya gane ɗan ina ne. A gidan ɗan kasuwar da ya saye shi aka sa masa suna Mabruk. Ba zan ambaci gidan ba, domin Baba bai taɓa ambatarsa a gaban jama'a ba.

Abu guda ne ba su iya ƙonewa ba. Ya tuna cewa a gida ana kiransa Tanko. Sai da ya girma wani tsoho ya gaya masa cewa Hausawa suna kiran yaro Tanko idan an haife shi bayan 'ya'ya mata. Baba ya ce mini ran nan bai iya cin abinci ba. "Ashe ina da yayye mata," in ji shi. "Ashe akwai waɗanda suka goya ni."

An haramta bauta a ƙasar nan a shekarar 1962, wato 1382 ta hijira. Wannan a rubuce yake, na duba. Baba yana saurayi a lokacin. Ya bar gidan da rigar da ke jikinsa, ya kama sana'ar ɗiban ruwa, garwa biyu a sanda, yana hawa da sauka a tudun Makka. Doka ta fito, amma doka ba ta da ƙafar shiga kicin. Akwai gidajen da aka ɓoye wa bayi labarin, musamman mata, waɗanda ba sa fita ko ƙofa. Mai ruwa kuwa yana shiga har inda randa take. Sauran masu ruwa da Larabci suke neman izinin shiga. Baba sai ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa yana ɗaga murya da Hausa: "Ga ruwa!" Sa'an nan ya zuba ido ya ga wa zai ɗaga kai.

Wanda ya ba ni labarin abin da ya biyo baya shi ne Baba Faraju, abokinsa, wanda suka yi bauta a gida ɗaya. Shi daga wajen Sudan aka kawo shi, bai san sunansa na farko ba, ya riƙe wanda aka ba shi, Hausarsa kuma duk ta Nakkasa ce. Ya ce a wani gida akwai wata mai girki da ake kira Sa'ida, wadda ta manta Hausa sarai, amma da ta ji "ga ruwa" sai faranti ya suɓuce daga hannunta. Baba ya riƙa kai ruwa gidan yana jefa mata magana kaɗan kaɗan, har ta fahimci cewa babu wanda ya mallake ta kuma. Ranar da ta ɗaure ƙunshinta, maigidan ya tare ƙofa ya ce, "'Yar gida ce, ina za ta?" Baba ya sauke garwa ya ce, "In 'yar gida ce a buɗe mata ƙofa. 'Yar gida ai tana fita ta dawo." An doke shi ranar, kuma gidajen layin duk suka daina sayen ruwansa. Amma Sa'ida ta fita. Na tambayi Baba ko haka aka yi. Ya ce haka ne, sai dai Faraju ya rage yawan dukan don kada a ce abokinsa rago ne.

Fitowa daga gida ba ita ce ƙarshen aiki ba a wurinsa. Yana cewa, "Wanda aka kwance wa igiya bai san hanyar gida ba, rabin 'yanci aka ba shi." Yawancin waɗanda ya fito da su an sato su suna ƙanana, ba su san komai ba sai abin da ke rubuce a fuskarsu. Sai Baba ya shiga koyon karatun fuska. Duk lokacin aikin hajji yakan kai wa wanzaman da ke aske mahajjata ruwa kyauta, ya zauna kusa da su yana tambaya. A wurinsu ya koyi bambanta askar Gobirawa, wadda take tashi daga gefen baki ta bazu zuwa kunne, da dogayen tsagen Barebari, da bille, da ƙananan alamun da ke raba gari da gari. Wurin da ya fi so shi ne Muzdalifa bayan sallar asuba, lokacin da gari ya waye, mutane sun sunkuya suna tsintar tsakuwar jifa, ba mai sauri sosai. Yakan bi tsakanin mahajjatan Najeriya da Nijar yana duba kumatu. In ya ga askar da yake nema sai ya yi sallama, ya tambayi gari, sa'an nan ya tambaya ko an taɓa jin gidan da yaro ko yarinya ta tafi hajji ba ta dawo ba.

Sa'ida askar Gobirawa ce a fuskarta. Shekaru suka shuɗe yana tambaya kafin ya gamu da wani dattijo da ya san gidan da aka rasa yarinya. Da hajji ya zagayo, wanta ya zo. Inna Rakiya ta ce a ɗakinta aka haɗa su, ba wanda ke jin harshen wani, suka zauna kowa yana shafa kumatun ɗan'uwansa. Ba zan ce kowa ya dace haka ba. Waɗanda ba a samo danginsu ba sun fi yawa nesa. Ban san adadin waɗanda aka samo ba, Baba kuma bai taɓa ƙirgawa ba. Da na matsa masa sai ya ce, "Kai dai da son lissafi. Mutane ne, ba buhuna ba."

Tasa fuskar ce ta gagara. Wani tsohon wanzami ya taɓa shafa tabon ƙunar, ya daɗe yana lalube, ya samu ɗan guntun layi kusa da kunne wanda wuta ba ta ci ba. Daga ƙarshe ya girgiza kai ya ce wanda ya yi wannan ya san abin da yake yi. Baba bai fasa tambaya ba. Duk tsohuwar mahajjaciyar da ya gani sai ya tambaye ta ko tana da ƙane Tanko da ya ɓata. A shekarun baya bayan nan mahajjata suka fara zuwa da fuska sumul. Bai yi baƙin ciki da haka ba. Ya ce, "Gara haka, yara sun huta da aska. Ni dai karatuna ne ya ƙare."

Kalmar da bai yarda ta wuce ta gabansa ba ita ce abd, wato bawa, wadda har yau wasu ke jifan baƙar fata da ita. Wannan da idona na gani. Muna layin gurasa da safe, wani mutum ya ture Baba Faraju ya ce, "Matsa, ya abd." Baba Tanko bai ɗaga murya ba. Ya juya ya ce masa da Larabci, "In bawan Allah kake nufi, to ni da kai da shi duk ɗaya ne, sai ka bi layi. In kuwa bawan wani kake nufi, fito da takardar saye mu gani." Mutumin ya ce wasa yake yi. Baba ya ce, "To yi masa sallama, ka kira shi amm, wato baffa, sa'an ubanka ne." Ya tsaya a gabansa har sai da ya yi. Da muka fita Baba Faraju ya ce, "Kai Tanko, saboda wa'azinka gurasata ta huce."

Bai bar namu mutanen ba. Akwai lokacin da jikan Sa'ida, wani direba mai suna Haruna, ya nemi aure a wani gidan Hausawa a Nakkasa, aka bincika asali aka ce jikan baiwa ne, aka hana. Baba ya je inda dattawan unguwa ke zama bayan la'asar, kakana yana cikinsu. Ya ce musu, "Kuna jin zafi in an kira ku baƙaƙe a kasuwa, ku dawo gida ku yi wa na ƙasa da ku irin haka. Ku sani wanda ya sayar da ni ba Balarabe ba ne. Da Hausa ya yi wa uwata sallama." An ɗaura auren daga baya. Amma gaskiya ta sa in faɗi cewa Baba yana da taurin kai, kuma ba ya saurin hucewa. Saboda wata magana da kakana ya mayar masa ranar, Baba ya daina zama inda yake, sai gaisuwa daga nesa, har kakana ya kwanta ciwon ajali kafin ya shiga ya duba shi. Inna Rakiya ma ta sha wahalar wannan hali, domin sau da yawa gaskiyarsa ta raba shi da aiki, ita ce ke riƙe gida da sayar da fura.

Tsakaninsa da gidan da ya yi bauta babu gaba, amma akwai iyaka. Suna aiko masa da nama da salla, ɗan aike ya ce na Mabruk ɗinmu ne. Yakan ce a gode musu, a kuma gaya musu babu mai wannan suna a nan. Da babban ɗan maigidan ya rasu, Baba ya je aza. Suka yi murna, suka miƙa masa butar gahawa ya zuba wa baƙi, wai shi ɗan gida ne. Ya ajiye butar a hankali, ya shiga layin masu gaisuwa, ya dafa kafaɗar kowa, ya zauna cikin baƙi aka zuba masa gahawa ya sha.

Sai rusau ya zo ɓangarenmu na Nakkasa. Mutanen da ya san su tun suna yara suka watse, wasu Jidda, wasu bayan gari, waɗanda ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, wasunsu aka mayar da su ƙasashensu. Shi da Inna suka koma wajen Anti Maryam a Rusaifa, a bene, cikin maƙwabtan da ba su san ko shi wane ne ba. Shi ya sa tambayar mai kujeru ta yi mini nauyi. Na koma na tambayi Inna ta bayan labule. Ta ce, "Ka sa wa Faraju, ka sa wa kanka." Na ce, "Inna, ni ba jininsa ba ne." Ta ce, "Shi wa ya bar masa jini? Je ka yi abin da na ce."

Kujera biyu aka jera. Muka zauna ni da Baba Faraju muna fuskantar kujerun baƙi, makaranci ya fara. Ina jin kunyar sahun har ba na iya ɗaga kai. Can sai ga Haruna direba ya sauko daga motarsa da 'ya'yansa maza. Ya dubi kujerun nan biyu, ya ɗauki kujera daga na baƙi ya kawo ya ajiye kusa da Baba Faraju. 'Ya'yansa suka yi haka. Bayansu wani dattijo daga Jidda, wanda Baba ya fito da mahaifiyarsa daga wani gida, ya ja tasa kujerar. Daga nan duk wanda ya iso, in yana da irin wannan alaƙa, sai ya ɗauki kujera ya tsallako. Wasu na san su, da yawa ban taɓa ganinsu ba. Wasu ko gaisuwar Hausa ba su iya ba.

Ana cikin haka wata mota ta tsaya, wani dattijo Balarabe ya fito da alkyabba, idonsa ja. Autan tsohon ubangidan Baba ne, wanda Baba ya yi ta saɓawa a kafaɗa yana jariri. Ya wuce kujerun baƙi kai tsaye ya zauna a farkon sahun dangi, yana cewa, "Amm Mabruk namu ne, a gidanmu ya tashi. Mu ne danginsa." Ban ga mugunta a fuskarsa ba, kuka yake yi da gaske. Na san abin da Baba zai so, amma na ji tsoron a yi fitina a ƙofar gidan makoki.

Baba Faraju ne ya miƙe, yana dogara sanda. Shi ne mutumin da duk rayuwarsa yake kiran 'yan gidan nan ya sidi, wato ya shugabana. Ya buɗe baki zai faɗi haka, ya haɗiye, ya ce, "Ya ɗan'uwa, mun gode da ka zo. Amma mamacin sunansa Tanko. Waɗannan da kake gani su ne danginsa, da ƙafarsa ya nemo su. Kai gaisuwa ka zo yi, ga layin masu gaisuwa can."

Dattijon ya dube shi ya daɗe. Ya ce, "Tanko?" Ashe bai taɓa jin sunan ba. Baba Faraju ya ce, "Shi uwarsa ta ba shi." Makaranci ya tsagaita, muka miƙe. Dattijon ya tattara alkyabbarsa ya tashi, ya je ya tsaya a layi bayan wani mai shara na unguwa. Ya bi sahun daga farko har ƙarshe yana dafa kafaɗar kowa. Da ya zo kaina na ji yana cewa, "Allah Ya girmama ladanku a kan Amm Tanko." Bai dawo kashegari ba. Ban san dalili ba, ba kuma zan ƙaga masa ba.

Bayan isha mai kujeru ya zo yana mita, wai tun da yake sana'ar nan bai taɓa ganin azar da dangi suka kwashe kujerun baƙi ba. Na hau bene in yi wa Inna sallama. Ta bayan labule ta tambaye ni abu ɗaya: "Usmanu, sahun fa?" Na ce, "Inna, ya kai har kwanar masallaci." Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ya kwanta ke nan."

Takardar rasuwarsa Mabruk ta ce, ban kuma iya canza wannan ba. Amma a Harami ba a ambaci sunan kowa ba da aka kira sallar mamata, a Shara'i ma kabarinsa ba rubutu, daidai yake da na kusa da shi.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Tanko, wanda bai yarda ya zama bawan kowa ba sai Kai. Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka shayar da shi daga tafkin ManzonKa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda ya shayar da mutane. Ka ba Inna Rakiya da Anti Maryam da 'ya'yanta haƙuri, Ka zama gatansu. Ka ƙara wa Baba Faraju lafiya. Ka jiƙan waɗanda suka mutu ba su san garinsu ba. Yayyensa mata kuma, waɗanda suka goya shi, duk inda suke kwance, Ka haɗa su da ƙanensu a Aljanna, inda za su gane shi ba sai sun duba fuskarsa ba. Amin.